Yadda ake ƙirga maki a gasar harbi da ƙaramar bindiga

Ranar farko da aka zaunar da ni a teburin ƙirga maki, na tauye wa wani yaro ɗan shekara 14 maki ɗaya. A wani ƙaramin kulob ɗin harbi ne a Indiya, lokacin ina karatu a can, kuma katin takarda ake harbi, ba allon lantarki ba. Katin yaron ya zo hannuna, hudar tana bakin zoben goma, kamar ta taɓa layi kamar ba ta taɓa ba. Na ɗaga katin na duba shi a hasken fitila, na rubuta 9. Dattijon da ke kula da teburin, wani tsohon soja, ya karɓi katin ya kwantar da shi, ya zura wata 'yar ƙusa ta ƙarfe a cikin hudar, ya leƙa da gilashin ƙara girma, ya kira mutum biyu su ma suka leƙa. Goma ce. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai nuna mini yaron ta taga, yana zaune da mahaifinsa suna jiran sakamako, ya ce wata shida yaron ya yi yana neman wannan makin.

Mu mukan ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A wannan teburin ƙimar ido ba ta da aiki, mudun ake so. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake awon, bisa dokokin hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munich na Jamus, waɗanda su ake bi a gasar Olamfik. Hukumar takan yi wa littafin dokokinta kwaskwarima lokaci zuwa lokaci, musamman tsarin zagayen ƙarshe, don haka inda na kawo tsarin wani zagaye, wanda aka yi amfani da shi a Olamfik ta Paris a 2024 nake nufi.

Fara da sanin katin

Da bindigar iska ta mita 10 zan fara, don da ita kusan kowa yake farawa, kuma wanda ya gane ƙirgarta ya gane sauran. Ba ta amfani da albarushi. Iska ce da aka matse take tura ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Kan ƙwayar a baje yake, ba tsini, don ta yanke takarda tsaf kamar abin huda takardar ofis. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙirga, domin ƙwaya mai tsini yaga takarda take yi, ta bar huda mai gashi-gashi da ba a iya aunawa.

Katin yana da zobba goma. Zoben goma, na tsakiya, faɗinsa milimita 11.5 ne, bai kai faɗin farcen babban yatsanka ba. Daga nan kowane zobe yana ƙaruwa da milimita 16: na tara 27.5, na takwas 43.5, na bakwai 59.5, haka har zuwa na ɗaya mai 155.5. Baƙin da kake gani a tsakiya ya kama daga zoben bakwai ne zuwa goma. A cikin zoben goma kuma akwai wani ƙaramin zobe mai faɗin milimita 5, wanda zan riƙa kira goman ciki. Riƙe shi a ranka, zai dawo.

A zagayen share fage harbi 60 ake yi, maza da mata duka. Kafin 2018 mata 40 suke yi. Ana kasa su jeri shida, goma-goma. Kowane harbi makinsa daga sifiri ne zuwa 10, ba ɗigo, don haka ƙololuwa 600 ce. Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya ci 594 a Changwon a 2009, wato a harbi 60 maki shida kacal ya zubar. Ana ba da minti 15 na shiri da harbin gwaji, ka harba iya son ranka, ba a ƙirgawa. Sannan a ba da awa ɗaya da minti 15 idan allon lantarki ne, ko awa ɗaya da rabi idan takarda ce, saboda lokacin canza kati. Katin gwaji yana da baƙin layi a kusurwar sama ta dama. Idan kai ne mai ƙirga, fara ware waɗannan gefe kafin ka taɓa alƙalami. Na ga wanda ya haɗa su da na gasa, aka sake lissafin mutum takwas daga farko.

Dokar taɓa layi

Doka ɗaya ce tushen komai: idan hudar ta taɓa gefen waje na zobe, makin wannan zoben ake ba mai harbi. Ba sai tsakiyar hudar ta shiga ba, ba sai rabinta ta shiga ba. Ta taɓa kawai.

Yi lissafin da kanka sau ɗaya, ba za ka manta ba. Daga tsakiyar kati zuwa bakin zoben goma milimita 5.75 ne, rabin 11.5. Daga tsakiyar huda zuwa gefenta milimita 2.25 ne, rabin 4.5. Haɗa su, ka samu 8. Wato duk harbin da tsakiyar hudarsa ba ta wuce milimita 8 daga tsakiyar kati ba, goma ne. Wanda bai wuce 16 ba, tara ne. Wanda bai wuce 24 ba, takwas ne. Takwas-takwas ake hawa. Abin da ake aunawa a zahiri ke nan, tazarar da ke tsakanin tsakiya biyu, kuma layukan da aka buga a kati hanya ce kawai ta ganin wannan tazarar.

Matsalar ita ce takarda tana tsukewa bayan ƙwaya ta wuce. Hudar da ka gani takan ɗan gaza milimita 4.5, shi ya sa ido yake yawan rage wa mutum maki, kamar yadda na rage wa yaron nan. Sannan ita ƙwayar takan cinye layin da kake son dubawa, ta bar ka ba abin kwatance. Maganin wannan shi ne ƙusar awo.

Ƙusar tana da ƙafa da ke shiga huda daidai, da hula mai faɗi a sama. Wadda aka fi amfani da ita a bindigar iska faɗin hularta milimita 11.5 ne, kuma waje take dubawa, ba ciki ba. Ga yadda take aiki. Kana shakka ko harbi goma ne ko tara. Ka zura ƙusar, ka dubi gefen hular da ke kallon waje. Idan hular ba ta tsallake gefen waje na zoben tara ba, harbin goma ne. Idan ta leƙa waje ko da ƙanƙani, tara ne. Dalilin yana cikin lissafi: 8 a tara da 5.75, rabin faɗin hular, ya ba da 13.75, wanda shi ne daidai rabin faɗin zoben tara. An yi haka ne don ka auna da layin da ƙwaya ba ta lalata ba. Haka ake yi daga goma har zuwa biyu. Zoben ɗaya ba shi da wani zobe a bayansa, don haka shi da ƙusa mai hular 4.5 ake auna shi, a duba ko ta taɓa layi.

Ga tsarin da nake bi, kamar yadda dattijon nan ya koya mini. Kwantar da katin a kan abin da zai tallafe shi amma ya bar wa ƙafar ƙusa wurin wucewa. Kada ka ɗaga shi sama, kada ka lanƙwasa shi. Duk hudar da makinta ya fito fili, rubuta ka wuce. Wadda kake shakka, kada ka taɓa ta da komai, ko biro, ko ashana, ko wata ƙwayar dalma. Masu harbi da yawa suna da wannan ɗabi'ar ta zura ƙwaya a huda don su gani, kuma da zarar an yi haka hudar ta tashi daga aiki. Ƙusa sau ɗaya tak ake zura ta a kowace huda, a tsaye cak, ba a jujjuya ta. Alƙalai uku suke dubawa, kowa shi kaɗai ba tare da shawara ba, sannan su nuna hukuncinsu lokaci guda, a bi rinjaye. Sai a yi alama a katin cewa an auna, a rubuta makin, su sa hannu. Hukuncin da aka yanke da ƙusa ba a ɗaukaka ƙara a kansa, saboda ba yadda za a sake awon.

A manyan gasa na takarda harbi ɗaya ake yi a kowane kati. Ƙananan kulob sukan sa biyu ko biyar don tsimin takarda, kuma a nan ne ake samun huda biyu a wuri ɗaya. Idan ka ƙirga ka ga huɗu maimakon biyar, kada ka yi gaggawar rubuta sifiri. Juya katin ka duba ta baya da gilashi. Hudar da ƙwaya biyu suka bi takan ɗan yi tsawo kamar ƙwai, kuma gefenta yakan nuna shatar dalma biyu. Wannan ma alƙalai ne suke yanke shi, ba kai kaɗai ba.

Goman ciki

Goman ciki ba ta ƙara maki. Goma ce kamar kowace goma. Amma dole ka ƙirga ta a wani gurbi dabam, domin ita ce farkon abin da ake dubawa idan mutum biyu suka yi kunnen doki. A takardar sakamako za ka ga an rubuta, misali, 577-17x. Ma'anarsa maki 577, kuma 17 daga cikin harbin goman ciki ne.

Wannan misalin ba ƙirƙira shi na yi ba. A Olamfik ta 2024, wadda aka yi harbinta a garin Chateauroux, nesa da Paris, mutum takwas ne suke wucewa zagayen ƙarshe na maza. Robin Walter na Jamus ya ci 577, Sarabjot Singh na Indiya ma ya ci 577. Walter yana da goman ciki 17, Singh yana da 16. Walter ya shiga a matsayin na takwas, Singh ya tsaya a na tara. Abokaina na kulob sun daɗe suna maganar wannan ranar, kuma tun daga lokacin ban ƙara ganin mai ƙirga a cikinmu ya yi sakaci da wannan gurbin ba.

Ita ma tana da ƙusarta, mai hular milimita 18. Idan hular ba ta fita daga zoben tara ba, goman ciki ce. Lissafin iri ɗaya ne: 2.5 da 2.25 sun ba da 4.75, a ƙara 9, a samu 13.75.

Idan goman cikin ma ta zo ɗaya, sai a dubi jerin goma na ƙarshe, wanda ya fi maki a nan shi ne gaba. In sun yi daidai a koma jeri na biyar, haka ake ja da baya har a samu bambanci. In duk da haka ba a rabu ba, a bi harbi ɗaya-ɗaya daga na ƙarshe. Shi ya sa nake gaya wa sababbin masu ƙirga su kiyaye lambar kowane kati. Jimilla kaɗai ba ta isa ba, sai an san wane harbi ne ya riga wane.

Inda ɗigo yake shigowa

A zagayen ƙarshe ana share duk makin share fage, kowa ya fara daga sifiri. Tun 2013 ake haka. A da ana haɗawa ne, wanda ya yi nisa da safe yakan shiga da tazarar da ba a iya kamowa. Ni na fi son tsarin yanzu don kallo, ko da yake ina jin zafin wanda ya yi harbi 60 mafi kyau a ranar, sannan aka ce masa duk wannan tikitin shiga ne kawai.

A nan kowane zobe ana raba shi gida goma, mafi girman maki 10.9. Tun da kowane zobe milimita 8 ne, kowane ɗigo ɗaya milimita 0.8 ke nan. Idan kana son ka gane abin da allo yake nunawa, raba tazarar da 8, ka cire daga 11, ka riƙe lamba ɗaya bayan ɗigo. Harbin da ya kauce da milimita 3 zai ba ka 10.6. Wanda ya kauce da 8.5 zai ba ka 9.9. Goman ciki tana farawa ne daga wajen 10.4. Lura da wannan: a share fage 9.9 tara ce, 10.0 goma ce, bambancin maki guda cur, amma a zagayen ƙarshe bambancinsu 0.1 ne. Haka kuma 10.0 da 10.9 ɗaya suke da safe, amma a zagayen ƙarshe kusan maki guda ne tsakaninsu. Bindiga ɗaya, nisa ɗaya, amma wasa biyu ne.

Wannan awon allon lantarki ne yake yinsa. Wasu allunan suna da makirufo a kusurwoyi da ke jin ƙarar wucewar ƙwaya, na'ura ta lissafa wurin daga bambancin lokacin da ƙarar ta isa kowannensu. Wasu kuma da haske suke aunawa. Sakamakon yana fitowa nan take a ƙaramin allon da ke gaban mai harbi.

Harbi 24 ne. Ana fara jeri biyu na biyar-biyar, kowanne cikin daƙiƙa 250. Sannan a koma ɗaya-ɗaya, daƙiƙa 50 kowanne, sai an ba da umarni. Bayan harbi na 12, wanda yake na ƙarshe a jimilla ya fita, shi ne na takwas. Daga nan bayan kowane harbi biyu mutum ɗaya ya fita: na 14, na 16, na 18, na 20. Bayan na 22 mai tagulla ya fita, biyun da suka rage su ƙarasa. Idan an yi kunnen doki a wurin fita, harbin raba gardama ake yi, ɗaya-ɗaya, ba a komawa goman ciki. Ƙololuwar lissafi 261.6 ce, amma 240 da 'yan kai takan ci zinare. Xie Yu na Sin da 240.9 ya ci na maza a 2024, Oh Ye-jin ta Koriya ta Kudu kuma ta ci na mata da 243.2. A wannan zagayen na mata, bayan harbi na 22 Kim Ye-ji tana da 221.8, Manu Bhaker ta Indiya tana da 221.7. Bhaker ta fita da tagulla, Kim ta ƙarasa ta ɗauki azurfa. Ɗigo ɗaya, wato ƙasa da milimita guda a harbi 22.

Gasar haɗakar mace da namiji a 2024 da wani lissafin aka yi ta. A wasan lambar yabo kowa ya harba ɗaya, a haɗa na mutum biyun, ƙungiyar da ta fi ta samu maki 2, in an yi daidai kowa 1, wadda ta fara kai 16 ta ci. Da 16 da 14 Sabiya ta doke Turkiyya, ƙungiyar Yusuf Dikec, mutumin da hotonsa ya zaga duniya yana harbi hannu a aljihu.

Abin da ke cinye maki ba tare da an kuskure allo ba

Harbi bayan umarnin tsayawa sifiri ne. Idan lokaci ya ƙare kana da sauran harbi, duk sifiri ne. Idan an fara gasa ka ja kunama iska ta fita alhali ba ka sa ƙwaya ba, an ƙirga maka harbi ɗaya, sifiri. Wannan yana samun har waɗanda suka daɗe, idan hankali ya tafi. Ana yarda ka gwada jan kunama ba iska, amma da zarar iska ta fita magana ta ƙare.

Idan ka harbi allon maƙwabcinka, kai sifiri ka samu. Shi kuma idan ba a iya tantance wace huda ce tasa ba, maki mafi girma ake ba shi. Mutane sukan ɗauka wannan kuskuren yara ne, amma a Olamfik ta Athens a 2004 Matt Emmons na Amurka yana kan gaba da tazara a wata gasar doguwar bindiga, ya harbi allon layin kusa a harbin ƙarshe, ya faɗo na takwas. Dubi lambar allonka kafin kowane harbi.

Idan ka yi harbi fiye da 60, ana soke na ƙarin daga ƙarshe, kuma a cire maki biyu a kan kowane ɗaya. A takarda, idan ka zuba wa kati ɗaya fiye da adadinsa, sau biyun farko ba hukunci, sai dai ka rage a kati na gaba don jimilla ta daidaita. Daga na uku maki biyu ne kowane karo. Alƙalai suna da kati uku: rawaya gargaɗi, kore ragin maki, ja kora. Kuma akwai abin da ke share makin duka. Kunamar bindigar iska dole ta ɗauki nauyin giram 500 ba ta saki ba. Bayan gasa ana zaɓar wasu a gwada, a ba ka dama uku, in ta kasa ɗagawa an kore ka ko nawa ka ci. Kada ka saita taka a kan 500 daidai. Ƙara mata ɗan abu, domin zafi da sanyi suna taɓa ta.

Mita 25

Nan harsashi na gaske ake amfani da shi, mai faɗin milimita 5.6, kuma kunama sai ta ɗauki giram 1000. Dokar taɓa layi tana nan yadda take. Abin da ya ƙaru shi ne lokaci ya zama ɓangaren maki.

Gasar mata kashi biyu ce, 30-30. Kashin natsuwa ana yinsa a allo mai zoben goma na milimita 50, goman ciki 25. A kashin sauri allon ya fi girma, zoben goma milimita 100, goman ciki 50, kuma zobbansa daga biyar ne zuwa goma, abin da ya fita daga biyar sifiri ne. Koriyar fitila takan kama na daƙiƙa uku ka yi harbi ɗaya, ja ta kama na daƙiƙa bakwai, har sau biyar. Kafin koriyar ta kama dole hannu ya kasance a ƙasa, bai ɗaga fiye da digiri 45 ba. Wanda ya riga fitila ɗagawa ana yi masa gargaɗi, in ya maimaita a rage masa maki.

Gasar sauri ta maza allo biyar ne a jere, harbi ɗaya a kowanne. Jeri biyu cikin daƙiƙa takwas, biyu cikin shida, biyu cikin huɗu, ya zama 30, sannan a maimaita duka a kashi na biyu.

Harbin da ya makara sifiri ne. Allon lantarki yana ƙara sulusin daƙiƙa ko kusa da haka, 0.3, bayan jar fitila ta kama, abin da ya zo bayan nan bai shiga ba. A tsohon tsari na takarda allon juyawa yake yi ya ba ka gefe, don haka harsashin da ya same shi yana cikin juyawa yakan bar doguwar huda a kwance. Akwai wata 'yar roba mai haske da aka ja wa layi biyu, milimita 7 tsakaninsu. Ka ɗora ta a kan hudar. Idan tsawon hudar ya wuce layukan, sifiri ne, ko da a tsakiyar goma take. Wannan shi ne hukuncin da na fi jin nauyin rubutawa, domin mai harbi yana ganin hudarsa a tsakiya da idonsa.

Idan bindiga ta cije a tsakiyar jeri, kada ka taɓa ta da ɗaya hannun. Riƙe ta tana kallon allo, ka ɗaga hannun da ba ya riƙe da ita, ka jira jami'i. Shi zai duba ko laifin bindiga ne ko harsashi, ko kuwa naka ne, kamar ka manta ba ka cika gidan harsashi ba. In naka ne, abin da ba ka harba ba sifiri ne. In ba naka ba ne, a gasar sauri ta maza za ka sake jerin, sannan a kowane allo a ɗauki hudar da ta fi ƙarancin maki daga cikin biyun. Sau ɗaya ake yarda da wannan a kowane kashi na 30. Wanda ya yi saurin buɗe bindigarsa don ya gyara ya zubar da wannan damar da hannunsa.

Zagayen ƙarshe na mita 25 ba ya tara ɗigo. Samu ne ko rashi. Ga mata, 10.2 zuwa sama samu ne, maki ɗaya, 10.1 kuwa daidai take da harbin da ya tafi daji. Ga maza iyakar 9.7 ce, kuma duk jerin cikin daƙiƙa huɗu ne. A 2024 Yang Ji-in ta Koriya ta Kudu da Camille Jedrzejewski ta Faransa kowacce ta samu 37 cikin 50, aka yi jerin raba gardama, Yang ta samu huɗu, 'yar Faransa ɗaya. Li Yuehong na Sin ya ci na maza da 32 cikin 40.

Idan ba ka yarda da makinka ba

Bayan an liƙa sakamakon farko akwai minti goma na ƙorafi. Je ka duba da kanka, kada ka tsaya hira. Kuskuren haɗa lissafi, ko goman ciki da aka tsallake, ko huda mai shakka da ba a sa wa ƙusa ba, duk ana gyara su a wannan lokacin, bayansa kuwa an rufe. A allon lantarki, idan kana ganin makin da aka nuna ba daidai ba ne, faɗa kafin ka yi harbi na gaba. Amma ka tabbata, domin idan alƙalai suka duba suka ga na'ura ce da gaskiya, maki biyu za a cire maka. Ban da inda allon ya nuna sifiri ko bai nuna komai ba, a nan ba hukunci don ka yi magana.

Don atisayenka, ja layi shida a littafi, kowanne da gida goma, da gurbi ɗaya a gefe na goman ciki. Rubuta kowane harbi a gidansa bisa yadda ya zo. Wanda kake shakka kuma ba ka da ƙusa, rubuta ƙaramin makin ka sa masa ɗigo a sama, ka ajiye katin a cikin littafin ba tare da ka taɓa hudar ba, ka kai wa mai ƙusa ranar da kuka haɗu.